Raba-daidai a Kamaru: Lardi Ake Ƙirgawa, Ba Ƙabila Ba

Ƙasar Kamaru tana da harsuna fiye da 200. Lokacin da ta sami mulkin kai a 1960, ilimin boko ya riga ya yi nisa a kudu, inda 'yan mishan suka daɗe da buɗe makarantu, amma arewa tana baya ƙwarai. Shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahidjo, Bafulatani ne haifaffen Garwa, ya kuwa san cewa in aka bar jarrabawa kaɗai ta yi hukunci, kusan duk ma'aikatan gwamnati daga kudu za su fito. Wannan ne tushen manufar da ake kira équilibre régional da Faransanci, wato raba-daidai tsakanin yankuna.

Dokokin 1975 da 1982 sun tanadi kason kowane lardi a jarrabawar shiga aikin gwamnati da makarantun horar da ma'aikata. Kason arewa shi ne kashi 30 cikin ɗari. A 1983, zamanin Paul Biya, aka raba lardin Arewa gida uku: Adamawa mai hedkwata a Ngaundere, Arewa a Garwa, da Arewa Mai Nisa a Marwa. Daga baya aka rarraba musu kason: 5 da 7 da 18.

Abin lura shi ne, dokar lardi take ƙirgawa, ba ƙabila ba, kuma lardin mutum shi ne na asalin iyayensa, ba inda aka haife shi ba. A nan gizo yake saƙa. Arewa ba al'umma ɗaya ba ce. Akwai Fulani da Hausawa da Kanuri da Larabawan Shuwa, akwai kuma Mafa da Tupuri da Mundang da Fali da Giziga, waɗanda a da ake haɗa su duka a ce musu Kirdi, sunan da da yawansu ba sa so. Waɗannan sun daɗe suna kukan cewa a zamanin Ahidjo Musulmi na kusa da fadojin lamiɓe ne suka fi cin moriyar kason. A takarda dai an ba arewa haƙƙinta. Wanda ya samu a cikin gida, wannan doka ba ta tambaya ba. Haka kuma Bahaushen da aka haifa a unguwar Briqueterie ta Yaunde, sai ya nuna lardin da iyayensa suka fito.

Nijeriya ma jiha take ƙirgawa tun kundin tsarin mulki na 1979, Indiya kuwa rukunin da aka haifi mutum a ciki take dubawa.

Batun bai kwanta ba. A 2008, da aka buɗe makarantar horar da malamai ta Jami'ar Marwa, manyan arewa suka ƙi amincewa da sakamakon jarrabawar shiga, suka ce 'ya'yansu sun yi kaɗan a makarantar da aka gina a ƙasarsu. Gwamnati ta ƙara yawan waɗanda aka ɗauka.