"Ai Magani Ne": Tarkon Tramol da Kodin

Idan aka ce miyagun ƙwayoyi, yawancinmu wiwi da hodar iblis ke faɗo mana a rai. Amma abin da ya fi kusa da mu ɗalibai shi ne wanda ke zuwa cikin kwalin magani, wato tramol da maganin tari mai kodin. Wanda zai miƙo maka, sau da yawa aboki ne, kuma zai ce: "Ai magani ne, yana hana gajiya lokacin jarrabawa."

Gaskiya ne magani ne, amma likita kaɗai ke da ikon rubuta shi. Tramol ɗin da hukuma ta amince da shi a Nijeriya mai nauyin miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya kuwa yakan kai 225. Yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Shi kuma kodin yana rage saurin numfashi, idan ya yi yawa mutum na iya kwanciya barci bai farka ba. Dukansu jiki na sabawa da su, har ƙwayar da ta ishe ka jiya ta kasa isar ka yau. Ga shi ƙwaƙwalwarmu ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, don haka illar ta fi saurin kama matashi.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, saboda haka 'yan mata ma su saurara.

Sai batun doka. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Dokar NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko makamanciyarta, ko da bai sha ba. Ke nan idan wani ya ce "ajiye min wannan a jakarka," ko "sayo min a kemis," aka kama ka, kai ne za ka amsa tambaya.

Wanda ya riga ya fara fa? Kada mu yi masa dariya, kada kuma mu rufa masa asirin da zai hallaka shi. Mu sanar da iyaye ko malamin da muka yarda da shi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato suna kula da masu son dainawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.