Yaƙin da Ingila ta yi da Faransa a Borno ba tare da fito-na-fito ba

Tarihin mamaye Arewacin Nijeriya ya fi tsayawa a kan faɗuwar Kano da Sakkwato da yaƙin Burmi a shekarar 1903, har rundunar da Gwamna Lugga ya tura Borno a farkon 1902 ƙarƙashin Kanar Morland ta kusa shiga kwandon mantuwa, alhali kuwa ita ce ta bambanta da sauran, domin Faransawa ne aka je kora daga ƙasar, kuma ko harsashi ɗaya ba a yi musayarsa da su ba.

Asalin lamarin shi ne iyakokin da aka shata a takarda tun kafin a taka ƙasar. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Cadi, ta 1898 kuma ta tabbatar wa Ingila mafi yawan Borno, sai dai Ingila ba ta da soja ko ɗaya a can, yayin da Faransawa suka riga suka iso da ƙarfinsu, suka kashe Rabe, wanda ya ƙwace mulkin Borno, a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Da yake su ne suka kawar da wanda ya rushe Kukawa, fadar Shehun Borno, a 1893, sai suka ɗauki kansu masu naɗa Shehu da tuɓe shi: suka ɗora Sanda Kura a Dikwa, suka cire shi, suka sa ɗan'uwansa Abubakar Garbai, suka kuma ɗora masa biyan diyyar yaƙi mai nauyi da kuɗin azurfa na Mariya Taresa, waɗanda daga talakawan Borno ake tatso su, ciki har da mazauna ɓangaren da Ingila ke kira nata.

Abin da ya sa tura ta kai bango shi ne batun Fadalallah ɗan Rabe. Bayan mutuwar mahaifinsa ya ja ragowar bayin bindigarsa zuwa kudu maso yamma, ya nemi Ingilishi su amince da shi a matsayin mai mulkin Borno, har Manjo McClintock ya kai masa ziyara a 1901. Kafin a yanke shawara, dakarun Kyaftin Dangeville suka tsallako iyaka, suka tarar da shi a Gujba a watan Agusta na wannan shekarar, suka kashe shi. Gujba kuwa tana can cikin ƙasar da yarjejeniya ta ba Ingila, saboda haka Lugga ya gane cewa takarda ba ta tsare ƙasar da babu tuta da bariki a cikinta. Morland ya biyo ta Bauci, ya gwabza da Malam Jibril Gaini a yankin Gombe ya kama shi, sannan ya wuce Gujba da Maiduguri har bakin tafki, Faransawa kuma suka janye ba tare da gardama ba, domin babu ɓangaren da ke son a maimaita zaman ɗar-ɗar irin wanda ƙasashen biyu suka yi a Fashoda a 1898.

Ribar tafiyar ta fi yawa ta fuskar siyasa. Ingilishi sun jawo Garbai daga Dikwa, wadda yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta sa a rabon Jamus, da alkawarin za a daina karɓar diyyar Faransawa, ya kuwa tsallako ya zauna a Monguno. Wannan ya ba su halaccin da bindiga ba ta bayarwa, amma ya raba gidan sarautar Shehu, wato gidan El-Kanemi, biyu, tunda an naɗa wani Shehun a Dikwa ƙarƙashin Jamusawa, rabuwar da ta wanzu ko bayan da Dikwa ta shiga hannun Ingila sakamakon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yunƙurin farfaɗo da Kukawa bai ɗore ba, shi ya sa a 1907 aka kafa fadar Shehu a Yerwa, dab da sansanin Turawa, wurin da ya bunƙasa ya zama Maiduguri ta yau.

Faransa ma ba ta tashi a tutar babu ba. Babbar buƙatarta ita ce hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram har Tafkin Cadi, kuma a sulhun 1904 da yarjejeniyar 1906 Ingila ta yarda aka ja iyakar zuwa kudu, aka bar mata yankunan arewacin kogin Komadugu Yobe waɗanda a da suke bin Shehu, waɗanda a yau suke cikin jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar.