Wasalin Da Ba A Faɗa

Jama'a, kun riga kun koyi wasula biyar na rubutun Hausa: a, e, i, o, u. A boko duk harafin da aka rubuta sai an faɗe shi. In ka ga gero, sai ka ce gero. Ba harafin da ke zaune a banza.

To, amma Faransanci ba haka ya ke ba. Mu kuwa mutanen ƙasar Gumel wannan ya shafe mu, don muna bakin iyaka. Kowace Alhamis mutanen Nijar su kan kawo shanu da raƙuma kasuwar Maigatari. Namu kuma, daga Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, su kan ƙetara zuwa Dungas da Magarya da Damagaram, wajen fatauci ko zumunci. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Nijar ta sami 'yancin kai a 1960. A 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa a can, amma ba a daina aikin ofis da Faransanci ba. Saboda haka mai ƙetarawa zai ga alluna da takardu cikin wannan harshe.

Ga abin da za ka riƙe. In ka ga e a ƙarshen kalma mai tsawo, ba kome bisa kansa, kada ka faɗe shi. Dubi waɗannan:

An rubuta douane, a kan ce duwan, wato kwastan.
An rubuta police, a kan ce polis, wato 'yan sanda.
An rubuta pharmacie, a kan ce farmasi, wato kantin magani.
An rubuta sortie, a kan ce sorti, wato mafita.

Haka kuma wajen ƙirga. Douze, duz, 12 ke nan. Seize, sez, 16. Mille, mil, 1,000. Wani lokaci ma a tsakiyar kalma ya kan ɓace. Samedi, ranar Asabar, samdi a ke ce mata.

Me ya sa a ke rubuta shi, alhali ba a faɗa? Shekaru ɗaruruwa da suka wuce Faransawa suna faɗarsa. Sannu a hankali bakin mutane ya yar da shi, amma alƙalami bai yar ba. A kudancin Faransa har yanzu a kan ji shi a bakin mutane. Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamaki ba, don ya san akwai alif da a ke rubutawa bayan wau a ƙarshen kalma, ba a kuwa karanta shi.

Kada ka ce ba shi da amfani. Shi ke gaya maka ka faɗi baƙin da ya bi. Grand, wato babba na namiji, ba a jin d ɗinsa. Grande, babba ta mace, sai d ya fito sarai.

Yanzu ga inda za ka yi hattara. In e yana da ɗan kara bisa kansa, kamar haka, é, lalle sai an faɗe shi. Marché, marshe, kasuwa ce. Marche, marsh, tafiya ce. Fermé, ferme, an rufe ke nan. Payé, peye, an biya ke nan. In ka biya kuɗi aka ba ka takarda, duba ka ga ko wannan kalma tana jiki. In kuwa ka ga impayé, to, ba a biya ba a ke nufi. Kada ka bar wurin sai an gyara, don gobe takarda za a tambaya, ba rantsuwarka ba.

Kada ka ji kunya in ka yi kuskure. Mutanen can 'yan'uwanmu ne, Hausa su ke ji. Tambaye su. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin yau: kwafi waɗannan a littafinka, douane, police, marché, mille, payé. Ja layi ƙarƙashin kowane e da ba a faɗa. Sa'an nan ka karanta wa na kusa da kai da ƙarfi.