Kifi da Nono Ba Su Kawo Kuturta

A ƙasar Haɗeja, inda kogi yakan cika ya malale fadamu kowace damina, kifi ba ya yankewa, nonon Fulani kuma haka. Saboda wannan iyaye sukan gargaɗi yara kada su haɗa su biyu, wai yana kawo kuturta. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. A 1906 wani babban likita na Ingila, Jonathan Hutchinson, ya rubuta littafi guda yana ɗora wa kifi laifin. Amma ba daidai ba ne. Da haka ne, masuntan Guri da Kirikasamma da ba wanda ya ragu da yatsa.

Wata 'yar ƙwayar cuta ce take kawo ciwon, wadda ido ba ya gani. Dokta Hansen na ƙasar Norwe ya fara ganinta da madubin likita a 1873. Ba gādo ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa hukuncin zunubi ba. Tana fitowa daga hanci da bakin mai ciwon da bai fara shan magani ba, ta kama wanda ya daɗe yana zama tare da shi. Gaisuwa da hannu ba ta sa a ɗauka. Cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu yakan kashe ƙwayar. Wanda ta kama kuwa, yakan yi shekara 5, wani har 20, kafin alama ta fito. Shi ya sa mutane suka ce gādo ne.

Alamar fari ita ce tabo mai haske ko ja-ja a fata, marar ƙaiƙayi. Da yawa sukan ce ƙyasfi ne. To, ga gwaji: mutum ya rufe ido, a shafa tabon da auduga. In bai ji ba, sai asibiti.

Likitoci sun kasa ciwon kashi biyu. In tabon 1 zuwa 5 ne, mai ƙarancin ƙwaya ke nan, maganinsa wata 6. In ya wuce 5, ko ya taɓa jijiya, ko an ga ƙwayar a gwaji, mai yawan ƙwaya ne, maganinsa wata 12.

Ɗan'uwa mai karatu, lura da wannan: ba ciwon ne yake cin yatsu kai tsaye ba. Jijiya yake kashewa. Sai manomi ya taka ƙaya a fadama bai sani ba, mace ta sauke tukunya ta ƙone ba ta ji ba. Miki ya ruɓe, yatsa ya tafi. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa, ko an warke. A ganina ɓoyo ya fi ciwon ɓarna, mu 'yan ikilisiya kuma muna taimakon ɓoyon duk lokacin da muka janye tabarma daga mai tabo, alhali Markus sura 1 ta nuna Yesu ya taɓa kuturu da hannunsa.

A dā sai a kai mutum Yadakunya kusa da Kano, inda mishan na SIM suka yi jiyyar kutare tun shekarun 1930, ya zauna shekaru nesa da gida. Yanzu magani iri uku ake haɗawa, kyauta ne tun 1995, a gida kuma ake sha. Da zarar an fara, mai ciwon ya daina bazawa.