Gaskiya ko Jita-jita: Ƙaramin harsashi na ƙirar gida da harbin yadi dubu

A Amurka akwai maharban da harsashin shago ba ya gamsar da su. Sai mutum ya ɗauki kwanson wani harsashi, ya matse masa wuya, ya gyara masa kafaɗa, ya kai wa maƙerin bindiga ya yanka masa gurbin da zai shige cif a gindin bututu, sannan ya riƙa ɗura albarushinsa da hannunsa. Irin wannan harsashi, wanda babu kamfanin da ke fitar da shi, kuma SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin harsasai a can tun 1926, ba ta san da zamansa ba, shi suke kira wildcat. Mu ce masa ƙirar gida. Masu gasar harbin nesa, daga yadi 600 zuwa 1,000, sun fi karkata ga masu ƙaramin baki: .22 da milimita 6 da 6.5. Zantuka a kansu kuwa sun yi yawa, wasu da ƙamshin gaskiya, wasu kurarin fili ne kawai.

"Wanda ya fi gudu shi ya fi kyau a nesa."

Wannan ita ce uwar jita-jitar, kuma ta ci wa mutane kuɗi ba kaɗan ba. Tun 1935 kamfanin Winchester ya fitar da .220 Swift, wanda ke fita daga bakin bindiga da gudun da ya haura ƙafa 4,000 a daƙiƙa. Da gudu ne komai, da shi ke lashe gasar yadi dubu har yau. Amma ko kusa da layin ba a ganinsa. Dalili shi ne ƙwayar da ke yin wannan gudu gajeriya ce, marar nauyi, iska na cinye ƙarfinta tun kafin ta yi rabin tafiya.

Mai harbin nesa ba ya tsoron faɗuwar harsashi. Faɗuwa lissafi ce: ya auna nisa, ya duba jadawalinsa, ya murɗa madubin saiti, shi ke nan. Iska ce ke hana shi barci, domin wadda ke kaɗawa a inda yake kwance daban, wadda ke tsakiyar fili daban, kuma kafin ya ja kunama ta sauya. Maganinta doguwar ƙwaya ce, siririya, mai tsinin kai da tsukakken gindi, wadda ke riƙe gudunta. Ƙwayar milimita 6 mai nauyin kusan giram 7 da ta fita da gudun da bai kai ƙafa 3,000 ba za ta isa yadi dubu da sauran ƙarfinta, tana gaban gudun sauti sosai. Ƙwayar .22 mai rabin wannan nauyi, ko da ta fita da ƙafa 3,700, kafin ta kai can ta sauko kusa da gudun sauti, kimanin ƙafa 1,125 a daƙiƙa, inda ƙwaya ke fara tangal-tangal, kuma iska ta riga ta kwashe ta gefe.

A 2018, a jihar Karolina ta Arewa, Mike Wilson ya zuba harsasai biyar a yadi dubu cikin tazarar da ta ɗan haura inci ɗaya. Da wani gyararren 6mm BR ya yi wannan aiki, ɗan guntun kwanso mai ƙiba wanda albarushin cikinsa bai taka kara ya karya ba. A ganina duk mai shirin zaɓe, daga ƙwaya ya kamata ya fara, kwanso ya zo daga baya.

"Ƙirar gida ta fi ta kamfani iya saiti."

Rabi da rabi. Gaskiya ne 6mm PPC, wanda Dakta Lou Palmisano da Ferris Pindell suka fitar daga kwanson .220 Russian a tsakiyar shekarun 1970, ya mamaye gasar harbi kan tebur ta yadi 100 da 200, har yau ba a ture shi ba. Sai dai a duba wa ke riƙe da irin waɗannan harsasai: mutumin da ya sayi bututu na musamman, ya zaɓi kwanson kamfanin Lapua, yake auna albarushi ɗaya bayan ɗaya a kan sikeli. A ba shi harsashin kamfani ya yi masa wannan hidimar, tazarar za ta ragu ƙwarai. Ga shi kuma duk ƙirar gidan da ta yi fice, kamfanoni ba sa barin ta a waje. .22-250 ya yi kusan shekara talatin a hannun maƙera kafin Remington ya karɓe shi a 1965. 6mm Creedmoor ma haka ya faro, ya samu rajista a 2017. Yayansa 6.5 Creedmoor kuwa ɗan kamfani ne tun haihuwa, Hornady ne ya fitar da shi, kuma bai hana shi cin kofuna ba.

"Suna cin bututu."

Gaskiya ce tsagwaronta, kuma ita masu yabon nasu ke tsallakewa. Idan aka tura albarushi mai yawa ta ƙaramin rami, zafin gas ɗin yana ƙona maƙogwaron bututu, wato ɗan wurin da ƙwaya ke fara kama zane. A leƙa da madubin duba ciki bayan wani lokaci, za a ga ƙarfen ya tsattsage kamar busasshen tabki. Masu gasa kan ce bututun .308 Winchester yana iya haura harbi 5,000 yana aiki, na 6mm BR ya yi wajen 2,500 zuwa 3,000, amma na 6.5-284 ko .22 Creedmoor daga harbi 1,000 ake fara sa masa ido. Wanda ke zuwa gasa duk wata, a shekara guda zai ƙarar da shi. Daga nan sai kuɗin sabon bututu, kuɗin maƙeri, jiran layi, da sake neman awon albarushin da sabon zai so. Wannan na cikin abin da ya sa da yawa daga masu gasar F-Class, wadda George Farquharson ɗan Kanada ya assasa, suka bar 6.5-284 suka koma wa ubansa .284 Winchester na 1963, mai ɗan faɗin baki.

Akwai kuma ɓarnar da ba a lissafawa. 6 Dasher, ƙirar Dan Dowling da Al Ashton, shekaru da yawa ba a sayar da kwansonsa. Dole mutum ya ɗauki kwanson 6mm BR ya harba shi a cikin gurbin Dasher don matsi ya buɗa shi ya ɗauki siffa. Kwanso 300, harbi 300 ke nan daga rayuwar bututu. Sai daga baya kamfanoni irin su Peterson da Alpha suka fara fitar da shi a shirye.

"In dai baki ɗaya ne, kowane bututu zai harba kowace ƙwaya."

Jita-jita. Zanen da ke cikin bututu murɗaɗɗe ne, shi ke juya ƙwaya don ta tafi a miƙe, kuma doguwar ƙwaya tana buƙatar murɗi mai tsauri. Remington kansa ya ɗanɗana. A 1955 ya fitar da .244 da zanen da ke cika zagaye ɗaya a inci 12, a shekarar da Winchester ya fitar da .243 da zagaye ɗaya a inci 10. Na Winchester ya riƙe ƙwayar da mafarautan barewa ke so, na Remington aka yi ta yamaɗiɗin ba ya riƙewa, kasuwa ta juya masa baya, har a 1963 ya sake masa suna 6mm Remington da zagaye ɗaya a inci 9. Dogayen ƙwayoyin gasa na milimita 6 na yau suna son inci 8 ko ƙasa da haka. Tsohon .22-250 mai inci 14 ba zai riƙe masu nauyi ba. Za su isa allo a karkace, in ma sun isa.

"Gyaran Ackley yana ƙara gudu sosai."

P.O. Ackley, maƙerin da ya rasu a 1989, ya shahara da miƙar da jikin kwanso da ɗaga kafaɗarsa zuwa digiri 40. Ƙarin gudun da ake samu na haƙiƙa ɗan kaɗan ne, galibi wajen ƙafa 100 a daƙiƙa. Wanda ke bugun ƙirji da ninkin haka, sau da yawa matsi ya ƙara fiye da kima bai sani ba, tunda babu ɗakin gwajin da ya auna masa. Ribar da ta tabbata ita ce kwanso ba ya yawan miƙewa, don haka ya fi daɗewa. Kuma a kula: maƙera biyu na iya yanka gurbi da suna ɗaya amma awo daban, saboda haka adadin albarushin da ya zauna lafiya a bindigar wani yana iya zama haɗari a ta wani.

Batun ƙarancin shurin bindiga a masu ƙaramin baki kuwa babu gardama. A gasar PRS, inda ake harbin faranti na ƙarfe daga kan shinge da duwatsu cikin ƙayyadadden lokaci, bindigar da ba ta tsalle tana barin mai ita ya ga inda harsashinsa ya faɗa ya gyara na gaba, shi ya sa dangin milimita 6 suka cika filin. Illarsa ita ce ƙaramar ƙwaya ba ta tayar da ƙura sosai, a jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta ɓace ba a gani ba. Dokar gasa ma tana da tata: PRS ta hana gudun da ya wuce ƙafa 3,200 a daƙiƙa, rukunin F-TR na gasar F-Class kuma bai yarda da komai ba sai .223 da .308, don haka mai ƙirar gida sai dai ya shiga buɗaɗɗen rukuni ya kara da masu milimita 7.