ƊAKIN DA ƘURA BA TA SHIGA
Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Ana so Hakimai da malamansu su karanta wannan takarda, su kuma bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke cikinta.

Allura da ruwan da ake ƙara wa majiyyaci kai tsaye suke shiga jiki. In akwai ƙazanta a cikinsu, ba abin da zai tare ta. Saboda haka ba a haɗa su sai a wani ɗaki na musamman, wanda aka tsare shi daga ƙura da ƙwayoyin cuta.

Asalin Ɗakin

Wani masani a Amurka, Willis Whitfield, shi ne ya ƙago irin wannan ɗaki a 1960. Dabararsa ita ce a riƙa turo tatacciyar iska ba fasawa, tana bin hanya guda, tana kwashe ƙura tana fita da ita.

Ƙurar da ake tsoro ba irin wadda ido ke gani ba ce lokacin hunturu. Ana auna ta da maikiron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum wajen maikiron 70 ne, amma matatar ɗakin tana kama ƙurar da ba ta kai rabin maikiron ba. A ɗakin zama, iskar da ta cika mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi tana iya ɗaukar ƙwayar ƙura wajen miliyan 35. A wurin ɗura allura kuwa, ƙa'idar duniya ba ta yarda ta wuce 3,520 ba.

Dokokin Ɗakin

1. Mutum shi ne babban mai kawo ƙazanta, don kullum fatarsa da gashinsa suna zuba. Tilas ma'aikaci ya rufe jikinsa duka, da hula da takunkumi da safar hannu.
2. Ba a shiga da kwalliya ko zobe ko abinci, ba a kuma gaggawa a ciki, don motsi yana ta da ƙura.
3. Iskar ciki ta fi ta waje ƙarfi, yadda in an buɗe ƙofa sai dai ta ciki ta fita.
4. Ana gwada iska da kayan aiki a kai a kai, ana rubutawa.

Sakaci a nan asarar rai ne. A 2012 wani kamfani a jihar Massachusetts ta Amurka ya fitar da allurar da fumfuna ta gurɓata. Mutum fiye da 750 suka kamu da ciwo, da yawansu sanƙarau, fiye da 60 suka rasu.

Abin Da Ya Shafi Hakimi

A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke duba masana'antun magani. To, amma duk wannan wahala banza ce in maganin ya lalace bayan ya iso ƙasar Hakimi. Lalle ne a gargaɗi talakawa kada su karɓi allura daga 'yan talla a kasuwa. Kwalbar da ta tsage, ko murfinta ya buɗe, ko ruwanta ya yi gurɓi, kada a yi aiki da ita. Malamin Hakimi ya rubuta sunan maganin da lambar da ke jikinsa da inda aka saye shi, a aika wa ma'aikatan lafiya ba tare da jinkiri ba.

Rigakafi ya fi magani. Haza wasalam.