Harunar Rashid: Tsakanin Hikaya da Tarihi

Duk wanda ya taɓa karanta Dare Dubu da Ɗaya ya san Harunar Rashid, halifan da ke ɓad da kama idan dare ya raba, ya kutsa lungunan Bagadaza tare da wazirinsa Ja'afar da Masrur mai takobi, yana sauraron abin da ke damun talakawa. Wannan siffar ce ta sa sunansa ya danne na sauran halifofin Abbasiyawa. Sai dai in aka ajiye hikaya aka buɗe littattafan tarihi, za a tarar shaharar ta fi mulkin girma, kuma bayan ransa aka gina akasarinta.

Haruna ya hau karagar halifanci a 786, ya rasu a garin Tus a 809. Bagadazar da ake jingina masa kakansa Mansur ne ya kafa ta a 762, shi ne kuma ya cika baitulmali da matse hannunsa. Haruna bai ma daɗe a cikinta ba, domin a 796 ya ƙaura zuwa Rakka a bakin Kogin Furat. Shekara goma sha bakwai na farko kuwa, Baramika ne ke juya akalar daula: Yahaya ɗan Halid da 'ya'yansa Fadalu da Ja'afar. A 803 ya sa aka sare kan Ja'afar, abokin yawon daren nan nasa a cikin hikaya, ya ɗaure uban, ya ƙwace dukiyar gidan. Daga yamma kuma daular ta soma zaizayewa. Idrisawa sun kafa mulkinsu a Maroko, a 800 kuma Haruna ya bar wa Ibrahim ɗan Aglab ƙasar Ifrikiyya bisa sharaɗin biyan haraji duk shekara.

Mai jayayya zai ce ai ruwa ba ya tsami banza. Haruna ya ja ragamar alhazai sau da dama, ya fita yaƙi da Rumawa da kansa har ya ci Hirakla a 806, kuma shi alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya rubuta wa Kitabul Haraji. Matarsa Zubaida ta kashe dukiya wajen jawo ruwa Makka. Babu mai musun wannan. Amma ɗansa Ma'amun bai gaza shi ba wajen hidima ga malamai da masu fassara, bai kuwa samu rabin sunansa ba. Dalilin yana cikin abin da ya biyo bayan rasuwarsa. A 802 Haruna ya rubuta wasiyya aka rataye a Ka'aba: ɗansa Amin ya gaje shi, Ma'amun ya riƙe Hurasan sannan ya gaji Amin. Ba a daɗe da rufe shi ba 'yan'uwan suka zare wa juna takobi. Aka yi wa Bagadaza ƙawanya fiye da shekara, majaujawa tana ruwan duwatsu, unguwanni suka ƙone, aka kashe Amin a 813. Wanda ya ga wannan tashin hankali, da ya waiwaya sai zamanin Haruna ya zame masa na zinariya, ya manta cewa rabon da Harunan ya yi ne ya kunna wutar.

A Turai sunan ya bi wata hanya dabam. Marubutan fadar Sarki Sharlaman sun rubuta labarin giwar da Haruna ya aiko masa, mai suna Abul Abbas, wadda ta isa birnin Aken a 802. Marubutan tarihi na Larabawa ko ambaton wannan aike ba su yi ba. Da aka soma fitar da Dare Dubu da Ɗaya cikin Faransanci a 1704, sai masu karatu suka haɗa mai giwar da mai yawon dare suka zama mutum guda.